Marubutan Rasha da juyin 1917: su suka kunna wutar, me ya sa ta cinye su?

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce malaminku ya faɗa muku cewa marubuta ne suka haddasa juyin juya halin Rasha na 1917, kai kuma abin ya tsaya maka a rai: in har su ne iyayen juyin, me ya sa gwamnatin da juyin ya haifa ta juyo kansu, ta ɗaure wasu, ta harbe wasu, ta kori wasu daga ƙasar? Tambayar ta yi mini daɗi, domin amsar rabinta na biyu tana kwance cikin rabinta na farko. Shekara shida na yi a Leningrad, birnin da a da ake kira Petersburg sannan Petrograd, ina karatun harshen Rasha da adabinsa, daga 1984 zuwa 1990, kuma har yau wannan magana ba ta sake ni ba. Sai ka yi haƙuri da tsawon amsar.

Maganar malaminku tana da ƙanshin gaskiya, amma an cika mata gishiri. Ƙidayar da aka yi a daular Rasha a 1897 ta nuna kimanin mutum ɗaya cikin biyar ne kawai ya iya karatu. Matan masaƙun Petrograd da suka cika titi ranar 23 ga Fabrairu 1917 burodi suka fito nema, bayan sun gaji da tsayuwa a layi cikin sanyin da ke tsaga ƙashi. Sojan da ya sulale daga fagen yaƙin duniya na farko ya nufi ƙauyensu, ji ya yi ana rabon gonakin masu hannu da shuni, ba ya son a yi babu shi. Yunwa da yaƙi da rikicin gona su suka kayar da Sarki Nikolas na Biyu, suka kawo ƙarshen sarautar gidan Romanov bayan shekara 304. Ko da babu littafi ko ɗaya a Rasha, ginin nan da ya rushe.

To amma da mulki ya faɗi ƙasa, wa ya sunkuya ya ɗauka, kuma da wane tunani a kansa? Nan ne littafi ya shigo. Har zuwa 1906 Rasha ba ta da majalisar dokoki. Ba a yarda da jam'iyya ba, jarida kuwa ba ta numfashi sai da yardar masu tace rubutu. Wanda ke da magana a kan yadda ake tafiyar da ƙasa ba shi da inda zai tsaya ya faɗe ta. Sai maganar ta nemi hanya kamar ruwa, ta shige cikin ƙagaggen labari da waƙa da sharhin littattafai. Aleksandr Herzen, wanda ya yi hijira ya riƙa buga jaridarsa mai suna Ƙararrawa daga Landan, ya faɗe ta ƙarara: al'ummar da aka hana 'yancin magana, adabi ne kaɗai mumbarin da za ta hau ta jiyar da kukanta. Shi ya sa ɗan boko na Rasha a wancan zamani ba ya ɗaukar labari a matsayin abin hira. In sabuwar mujalla ta fito, ɗalibai kan taru a ɗaki ɗaya, wani yana karantawa saura suna saurare, a raba dare ana gardama a kan mutumin da babu shi sai a takarda.

Sarakunan ma sun gane haka tun da wuri. A 1790 wani ma'aikacin kwastan, Radishchev, ya buga littafin tafiyarsa daga Petersburg zuwa Mosko, yana bayyana halin da ya ga talakawa ciki a kowane zango. Sarauniya Katarina ta Biyu ta karanta da kanta, ta ce wannan ya fi Pugachev tawaye, Pugachev kuwa shi ne ya jagoranci boren da ya girgiza daular daga 1773 zuwa 1775. Aka yanke masa hukuncin kisa, daga baya aka mayar da shi kora zuwa Saiberiya. A Disambar 1825 wasu hafsoshi 'ya'yan manya suka fito da sojojinsu dandali a Petersburg suna neman tsarin mulki. Aka watsa su da igwa, aka rataye biyar, ciki har da mawaƙi Ryleyev, aka tura fiye da ɗari Saiberiya. Babban mawaƙi Pushkin ya aika musu waƙar ƙarfafa gwiwa, ɗaya daga cikinsu, Odoevsky, ya mayar masa da amsa a waƙe, yana cewa daga tartsatsi wuta za ta tashi. A 1900 da Lenin da abokansa suka kafa jaridarsu, sunan da suka ba ta Iskra, wato Tartsatsi, suka kuma ɗora wannan baiti a goshinta. Kai kanka ka ga inda zaren ya bi.

Ciwon da ke cin kowa a rai a lokacin shi ne bautar gandu. Miliyoyin manoma, 'yan ƙasa, masu yare ɗaya da addini ɗaya da iyayen gidansu, mallakar mai gona ne. Yana iya sayar da su, ya jinginar da su a banki, ya ba da su a caca. A takardun gwamnati "rayuka" ake kiransu, arzikin mutum kuwa da yawan rayukansa ake auna shi. Gogol ya kama wannan kalma ya gina littafinsa Matattun Rayuka a 1842. Tunda sai bayan shekaru ake sake ƙidaya, mai gona kan ci gaba da biyan haraji a kan bawan da ya riga ya mutu. Sai ga wani ɗan damfara, Chichikov, yana bin gidajen masu gonaki yana sayen sunayen mamatan nan da araha, don ya kai su jingina a ba shi bashi. Kana karantawa kana dariya, can sai ka lura dariyar ta tsaya maka a wuya, domin masu cinikin su ne matattun na gaske.

Da Gogol ya juya daga baya yana wa'azin biyayya ga sarki da iyayen gida, mai sharhi Belinsky ya rubuta masa wasiƙa mai zafi a 1847. Karanta wannan wasiƙa a gaban abokai shi ne babban laifin da aka kama Dostoevsky da shi a 1849, yana ɗan shekara 27. Ranar 22 ga Disamba aka fito da su dandalin Semyonov cikin dusar ƙanƙara, aka karanta musu hukuncin kisa, aka sa musu fararen riguna. Aka ɗaure ukun farko a jikin turaku, sojoji suka saita bindiga. Dostoevsky yana cikin ukun da ke biye, yana jiran nasa. Sai aka buga ganga, aka karanta saƙon sarki cewa an yi sassauci. Ashe tun farko haka aka shirya, don a tsorata su. Ɗaya daga cikin waɗanda aka ɗaure a turke ya zautu, bai ƙara komawa daidai ba. Dostoevsky ya yi shekara huɗu da mari a ƙafa a kurkukun Omsk. Ka riƙe wannan, domin mutumin da daga baya ya fi kowa yaƙar 'yan juyi ya taɓa zama ɗayansu.

Bayan kashin da Rasha ta sha a yaƙin Kirimiya, Sarki Aleksandr na Biyu ya 'yanta bayin gandu a 1861, mutum kimanin miliyan 23. Sai dai 'yancin ya zo da ƙaya. Gonar da aka ba manomi ba ta kai wadda yake nomawa a da ba a wurare da yawa, kuma aka ce ya biya kuɗinta cikin shekara 49. Matasan da suka yi karatu, yawancinsu 'ya'yan limaman coci da ƙananan ma'aikata, suka ce an yaudari talaka, gyara daga sama ba zai taɓa yiwuwa ba. A nan aka yi wata gardama da nake ganin babu kamarta a tarihin adabi, littafi yana amsa wa littafi, kuma a kanta zan ɗan daɗe.

Turgenev ne ya buɗe fage a 1862 da Iyaye da 'Ya'ya. Jaruminsa Bazarov ɗalibin likitanci ne, yana yini yana feɗe kwaɗi, ba ya yarda da komai sai abin da ya auna da hannunsa. Sarauta, al'ada, waƙa, soyayya, duk shirme ne a wurinsa. Da dattijon gidan ya ce masa ai bayan rushewa sai gini, sai ya amsa cewa wannan ba aikinsu ba ne, tukuna sai an share fili. Turgenev bai yabe shi ba, bai kuma zage shi ba. Ya bar shi ya faɗa soyayyar da yake musu, sannan ya yanke a yatsa wajen binciken gawa, cuta ta shige shi ya mutu, tsofaffin iyayensa suna kuka a kan kabarinsa. Dattawa suka ce ya ɗaukaka 'yan iska, matasa suka ce ya ci musu mutunci.

Amsar matasa ta fito ne daga kurkuku. Chernyshevsky yana tsare a kurkukun Bitrus da Bulus ya rubuta Me Ya Kamata A Yi?, masu tace rubutu suka yi sakaci ya wuce, mujallar Sovremennik ta buga shi a 1863. A fannin gwaninta littafin ba shi da ƙarfi, mutanen cikinsa lacca suke yi maimakon magana. Amma ya ba matasa abin da Turgenev ya hana su: tsarin rayuwa. Ga mace ta ƙi auren dole ta kafa shagon ɗinki inda ake raba riba daidai. Ga kuma Rakhmetov, ɗan masu kuɗi da ya rabu da giya da mata da jin daɗi, yana horar da jikinsa, har ya kwana a kan ƙusoshi don ya gwada ko zai jure azaba ranar da aka kama shi. Dubban matasa suka mayar da shi abin koyi. A 1887 aka rataye wani ɗalibi, Aleksandr Ulyanov, saboda shirin kashe sarki. Ƙanensa ɗan shekara 17 ya ɗauki wannan littafi da wansa yake ƙauna, ya karanta ya sake karantawa, daga baya ya ce littafin ya nome shi har ƙasa kamar yadda garma ke kifar da gona. Yaron nan shi ne Lenin. A 1902 da ya rubuta ɗan littafinsa a kan yadda za a gina jam'iyyar ƙwararrun 'yan juyi masu horo irin na soja, sunan littafin Chernyshevsky ya ɗora masa, bai canza ko harafi ba. Idan malaminku yana da hujja, to wannan ce hujjarsa mafi ƙarfi.

Sai na uku. A Nuwambar 1869 wani ɗan juyi, Nechaev, ya sa 'yan ƙungiyarsa suka kashe abokinsu, ɗalibi Ivanov, a harabar makarantar aikin gona da ke Mosko, suka jefa gawar a tafki, don kawai ya yi masa musu. Dostoevsky ya karanta labarin a jarida yana ƙasar waje, ya gina Shaiɗanu a kansa. A ciki akwai wani mai tsara sabuwar duniya, Shigalev, da ya tashi a taro ya ce lissafinsa ya rikita shi: ya fara da 'yanci marar iyaka, ya ƙare da danniya marar iyaka. Kashi ɗaya cikin goma za su yi mulki, sauran tara su zama garke, kowa yana leƙen asirin kowa, kuma duk don alherinsu. An rubuta wannan kusan shekara 45 kafin juyin. A littafinsa na ƙarshe, 'Yan'uwa Karamazov, ya matse maganar cikin tambaya ɗaya da Ivan ya yi wa ƙanensa: in aka ce ka gina wa 'yan Adam gidan jin daɗi na har abada, amma sai an azabtar da yaro ƙarami guda ɗaya har ya mutu a kafa tushen ginin a kan hawayensa, za ka yarda ka zama maginin? Ƙanen ya ce a'a.

Ina girmama hangen Dostoevsky matuƙa, amma ba zan ɓoye maka aibinsa ba. A lokacin ya riga ya jingina da fada, ya mayar da duk mai neman canji ko mahaukaci ko mugu, ya kuma kau da kai daga zaluncin da ke tura yaran kirki cikin wannan hanya. Wanda ya karanta shi kaɗai zai san yadda juyi ke lalacewa, ba zai san dalilin da ya sa mutane suka rungume shi ba. Don wannan sai ka je wurin Tolstoy, wanda ya roƙi sabon sarki ya yafe wa waɗanda suka kashe mahaifinsa a 1881 aka ƙi, ya buɗe gidajen ciyarwa a yunwar 1891, ya kuma yi tir da rataye manoma a 1908. Ko ka je wurin Chekhov, jikan bawan gandu, a wasansa na ƙarshe Lambun Ceri na 1904: 'ya'yan manya sun ci bashi har an yi gwanjon gidansu, ɗan tsohon bawansu ya saye, sun tafi sun manta tsohon baransu a kulle a ciki, daga nesa ana jin sara na gatari. Shekara guda bayan haka sojoji suka buɗe wuta a kan ma'aikatan da suka je kai wa sarki koke, boren 1905 ya ɓarke.

Abin da ya faru a 1917 ka sani a taƙaice. Sarki ya sauka a Maris, gwamnatin riƙo ta ƙi fita daga yaƙi ta kuma jinkirta rabon gona, 'yan Bolshebik, wato jam'iyyar Lenin, suka ƙwace mulki ranar 25 ga Oktoba a tsohuwar kalandarsu, wato 7 ga Nuwamba. A zaɓen majalisar tsara mulki kimanin rubu'in ƙuri'u suka samu, majalisar ta zauna yini ɗaya a Janairun 1918 suka rufe ta. Yaƙin basasa tsakanin Jajaye, wato dakarun Bolshebik, da Farare masu adawa da su ya biyo baya, yunwar 1921 ta ɗora nata, miliyoyi suka salwanta.

Marubuta da dama sun yi wa juyin maraba da zuciya ɗaya. Aleksandr Blok, babban mawaƙin zamanin, ya rubuta Sha Biyu a Janairun 1918: dakarun Ja su goma sha biyu suna sintiri cikin guguwar ƙanƙara, suna zagi, suna harbi, ɗayansu ya kashe yarinyar da yake so, amma a baitin ƙarshe sai ga Annabi Isa yana tafe a gabansu riƙe da tuta mai jini. Abokansa suka daina gaisawa da shi, 'yan Bolshebik su ma ba su ji daɗin ƙarshen ba. Bayan wannan waƙa kusan bai ƙara iya rubutu ba. Ya mutu a Agustan 1921 yana ɗan shekara 40, a watan da 'yan sandan ciki suka harbe mawaƙi Gumilyov.

In kana son ka ji warin yaƙin basasa, nemi Isak Babel, Bayahuden Odesa mai tabarau da ya bi dakarun doki na Jajaye a 1920. A wani gajeren labarinsa yaro soja ne yake aika wa uwarsa wasiƙa. Ya roƙe ta ta aiko masa da nama, ya ja kunne a riƙa wanke wa dokinsa ƙafafu da sabulu. Sai cikin wannan murya dai ya sanar da ita cewa babansu, da ke tare da Farare, ya kama ɗan'uwansa ya sassara shi har ya mutu, daga baya ɗaya ɗan'uwan ya kama baban ya gama da shi. Babel bai ƙara ko kalma ta sharhi ba. Sholokhov kuma a Kogin Don Mai Natsuwa ya bi Grigory Melekhov, jarumi daga Kosak, mayaƙan doki na yankin, da ya yi yaƙi a ɓangaren Jajaye, ya koma Farare, ya sake komawa, yana neman gaskiya bai same ta a ko'ina ba. A ƙarshe ya zubar da makamansa a kogi, ya tsaya a ƙofar gidansu rungume da ɗansa, abin da kawai ya rage masa.

Yanzu ga rabin tambayarka na biyu. Mutanen da suka hau mulki littafi ne ya yi su. Sun san da kansu yadda baiti ɗaya ya yi shekara 70 yana tafiya daga hannu zuwa hannu har ya zama jarida, yadda labarin da mai tacewa ya yi sakaci da shi ya tarbiyyantar da tsara guda. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Kwana biyu da hawansu suka fitar da dokar rufe jaridun adawa. Gorky, abokin Lenin, wanda littafinsa Uwa ya zama karatun kowane ɗan gurguzu, da ya riƙa sukar zubar da jini a jaridarsa, a Yulin 1918 aka rufe ta. A 1922 aka loda masana da marubuta a jiragen ruwa aka fitar da su ƙasar. Sarki yana neman marubuci ya yi shiru ne kawai. Stalin shirun ma bai ishe shi ba, sai ka yi yabo. A 1932 a gidan Gorky ya kira marubuta injiniyoyin rayukan mutane, a 1934 aka tara su cikin ƙungiya ɗaya da salo ɗaya da aka yarda da shi. Wanda ya bi ya samu gida da abinci da bugu na dubban ɗaruruwa. Wanda ya ƙi, sunansa ya ɓace.

Adalci ya sa in faɗa maka ɗaya gefen. Gwamnatin nan ta koya wa talaka karatu, abin da sarakuna suka kasa. Zuwa 1939 kimanin kashi 87 cikin 100 na masu shekara 9 zuwa 49 sun iya karatu. Ta buga Pushkin da Tolstoy da araha har suka shiga gidan kowane lebura, ni kaina na ga direban bas yana karanta waƙa a lokacin hutunsa. Sai dai yawan masu karatu shi ya ƙara wa mahukunta tsoron abin da za a karanta. A 1937 aka yi gagarumin bikin cikar Pushkin shekara ɗari da rasuwa, kuma cikin wannan shekara da mai bi mata aka harbe mutum kimanin 680,000, bisa takardun gwamnatin kanta.

Platonov, injiniya ɗan ma'aikacin jirgin ƙasa wanda ya yi imani da juyin, ya rubuta Ramin Tushe a wajen 1930: leburori suna haƙa tushen ƙaton gidan da dukan talakawa za su zauna, ramin yana ta faɗi, ginin bai tashi ba, a ƙarshe marainiyar yarinyar da suke yi wa kallon gobensu ta mutu, suka binne ta a cikin ramin. Amsar tambayar Ivan Karamazov ke nan, daga bakin ɗan gida. Littafin bai fito a ƙasarsa ba sai 1987. Mandelstam ya yi wa Stalin waƙa mai layi 16 a 1933, yana kwatanta yatsunsa da tsutsotsi masu ƙiba. Bai ma rubuta ta ba, karanta wa 'yan abokai ya yi da ka. Aka kama shi a 1934, aka sake kama shi a 1938, ya mutu a sansanin fursunoni kusa da Vladivostok. Matarsa Nadezhda ta haddace waƙoƙinsa, ta yi shekaru tana tilawarsu a zuci don kada su ɓace. Babel an harbe shi a Janairun 1940.

Ko bayan mutuwar Stalin tsoron bai gushe ba. Dokta Zhivago na Pasternak, labarin likitan da ya yi wa juyin murna da farko sannan ya ga yana niƙe rayuwar mutum, a Italiya ya fara fita a 1957, aka tilasta wa marubucin ya ƙi karɓar kyautar Nobel a 1958. Vasily Grossman kuwa shi aka bari, littafin aka kama: a 1961 jami'an KGB, hukumar leƙen asirin ƙasar, suka shiga gidansa suka kwashe Rayuwa da Ƙaddara, har da takardun kabon da aka buga shi da su, domin ya kuskura ya jera mulkin Stalin da na Hitler. Solzhenitsyn ya samu Khrushchev, mai mulkin ƙasar a lokacin, ya amince aka buga Yini Ɗaya a Rayuwar Ivan Denisovich a 1962, amma a 1974 aka sa shi a jirgi aka kore shi.

In za ka fara karatu, fara da Iyaye da 'Ya'ya da wannan Yini Ɗaya, gajeru ne kuma suna riƙe da bakin zaren biyu. Daga nan Chekhov da Babel. Shaiɗanu ka bar shi sai ka saba da sunayen Rashawa, don shafukansa na farko suna da nauyi. Duk ana samunsu da Turanci da Faransanci, Dostoevsky kuma akwai shi da Larabci a fassarar Sami al-Durubi.

Na bar Anna Akhmatova a ƙarshe da gangan. Tsohon mijinta shi ne Gumilyov da aka harbe a 1921, ɗansu Lev kuma an yi ta kama shi. Wata 17 ta yi tana bin layin gidajen yarin Leningrad tare da ɗaruruwan mata, kowacce da ƙunshin da za ta miƙa ta taga. Wata rana wata mata da sanyi ya mayar da leɓunanta shuɗi ta raɗa mata a kunne: za ki iya bayyana wannan? Ta ce: zan iya. Waƙar da ta yi, Makoki, ba ta isa ta ajiye ta a takarda ba. Sai ta rubuta baiti a 'yar takarda, ta miƙa wa ƙawarta Lidiya Chukovskaya tana yi mata hirar yanayi da ƙarfi saboda masu saurare, ƙawar ta haddace, ita kuma ta ƙyasta ashana ta ƙone takardar a kan farantin tokar taba.

A 1987 ina Leningrad mujallar Neva ta buga waƙar. Kafin hantsi babu ko ɗaya a rumfunan jarida. Wani abokin karatuna ya ara mini tasa na kwana ɗaya. Da na shigo masaukin ɗalibai, tsohuwar da ke tsaron ƙofa, wadda shekara uku ba abin da ke haɗa mu sai miƙa mabuɗi, ta hangi bangon mujallar a hannuna, ta ce in ba ta ta gani. Ta sa tabarau ta karanta shafi ɗaya a tsaye. Sannan ta ce mini tana 'yar shekara goma ta tsaya a wannan layi na kurkukun Kresty riƙe da hannun uwarta. In mai taga ya karɓi ƙunshi, to babanta yana da rai. Wata safiya ya turo musu ƙunshin baya, ya ce an yanke masa shekara goma ba tare da izinin wasiƙa ba. Uwarta ta yi ta ƙirga shekarun har suka cika, ba su san cewa wannan lafazi harbi yake nufi ba. Ta tambaye ni ko zan bar mata mujallar zuwa asuba. Na bar mata. Da safe ta dawo mini da ita a naɗe cikin tsohuwar jarida don kada ta yi datti, a kan teburinta kuma ga littafin rubutu na 'yan makaranta, ta kwafe waƙar duka da hannu.